Ina Masu Lodin Yashi A Cikin Labaranmu?



Yau maganar zane na kawo mana, zanen fenti na wasu Turawan Faransa da suka yi zamani shekaru 150 da suka wuce. Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska. Ku ɗan yi mini uzuri. Ban ce kowa ya ajiye alƙalami ya ɗauki buroshi ba, kuma ba zan shiga hukuncin zanen abu mai rai ba, wannan fagen malamai ne. Ido kawai nake so mu aro a wurin mutanen nan.

Mu fara da namu. Ku ɗauko labarai goma daga cikin waɗanda ake turowa nan, ko waɗanda ke yawo a WhatsApp da Wattpad, ku ƙirga a nawa ne muka ga jarumin labari yana aiki. Za a ce mana matashi ne ɗan shekara 28, yana da kamfani a Abuja da wani a Dubai. Me kamfanin yake ƙerawa? Oho. Mun san kalar labulen falonsa, mun san sunan turarensa da ƙirar motarsa, har agogon hannunsa an faɗa mana kuɗinsa. Ita kuwa yarinyar talakawa, ana ɗora mata tiren talla ne kawai don motar jarumi ta samu wanda za ta watsa wa ruwan taɓo a shafi na uku. Da zarar an haɗa ido, tire ya gama aikinsa, ba za mu ƙara jin labarin gyaɗar da ke kai ba, balle uwar da ta tashi da asuba ta dafa ta. Ra'ayina shi ne wannan babban giɓi ne a rubutunmu, kuma yana jawo mana asarar da ba za a iya mayar da ita ba.

A birnin Paris na wancan lokaci akwai babban baje kolin zane na hukuma da ake kira Salon. Alƙalansa ne ke yanke abin da ya isa a kira zane. Abin da suka fi daraja shi ne yaƙe-yaƙen tarihi, da tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa, da hotunan manya sun ci ado, komai sumul kamar an goge da dutsen guga. Wasu matasa suka gaji da korar da ake yi wa aikinsu. A watan Afrilun 1874 su kusan 30 suka shirya nasu bajen a tsohon ɗakin aikin wani mai ɗaukar hoto da ake kira Nadar. A cikinsu akwai Claude Monet, da Camille Pissarro, da Edgar Degas, da Auguste Renoir, da Alfred Sisley, da mace guda, Berthe Morisot.

Monet ya kai wani zane da ya yi a 1872 na tashar jiragen ruwa ta Le Havre, garin da ya girma, inda kogin Sen yake shiga teku. Asuba ce, hazo ya rufe ko'ina, rana ta ɓullo ja kamar garwashi, ga ƙananan kwale-kwale a gaba. Can baya cikin hazon, in ka ƙura ido, sai ka ga bututun hayaƙi da ƙarafunan ɗaga kaya. Wani ɗan jarida mai suna Louis Leroy ya ɗauki kalmar farko ta sunan zanen ya yi musu ba'a da ita, yana nufin aikin nasu bai wuce abin da ido ya fizga a kallon farko ba, ba a ma gama shi ba. Sunan ya bi su, Impressionnistes da Faransanci. Mu kira su masu zanen kallon farko.

Yawancin mutane in an ambace su, furanni da 'yan mata masu laima suke tunawa. Akwai waɗannan, ba musu. Amma akwai wani ɓangaren da ya fi damuna. Zamaninsu zamani ne da kogin Sen yake sauya kama a gaban idonsu: gadojin ƙarfe na jirgin ƙasa, masana'antu a bakin ruwa, manyan jiragen dakon kwal, da ƙazantar birni da ake kwararowa cikin kogin a wajen Clichy. Mai zanen da ya taso a tsohuwar makaranta zai juya wa duk wannan baya ya nemi inda bishiya take. Su sai suka bar bututun hayaƙin a cikin hoto. Pissarro ya zana wata masana'anta a bakin kogin Oise kusa da Pontoise a 1873. A shekarar dai Armand Guillaumin, wanda shi kansa ƙaramin ma'aikaci ne da ke zane a lokacin da ya samu sarari, ya zana faɗuwar rana a Ivry, hayaƙin masana'antu ya kwanta a kan jan sararin sama.

Wanda na fi so mu tsaya a kansa shi ne wanda Monet ya yi wajen 1875, na masu sauke kwal. Yana gidan adana zane na Orsay a Paris, kuma duk mai data zai iya ganinsa a intanet. Jiragen dako sun jeru a ƙarƙashin gadar Asnières. An gitta siraran katakai daga bakin kowane jirgi zuwa gaɓa. A kan katakan ga mutane a jere, kowa da kwandon kwal a kafaɗa, wasu na hawa wasu na sauka. Babu launi mai daɗin ido, daga toka-toka sai kore mai duhu. A saman gada kuwa mutanen gari suna ta wucewa abinsu, ba wanda ya leƙo. In ka daɗe kana kallo har nauyin kwandon za ka ji, ka kuma gane cewa wannan tafiya tsakanin jirgi da gaɓa ita ce wunin mutumin nan tun safe har magariba. A shekarar ne kuma alƙalan Salon suka ƙi karɓar zanen Gustave Caillebotte na wasu leburori uku da suka durƙusa ba riga suna kankare katakon daɓen ɗaki. Lebura yana gumi bai cancanci bangon baje koli ba a ganinsu.

To mu dawo gida, don mu ma muna da kogunan birni, kuma abin da ya same su bai gaza na Sen ba.

Kano tana da Jakara. Tsohon tarihin Kano ya ambaci kurmin da ke bakin wannan ruwa tun zamanin su Barbushe, kuma a gefensa kasuwar Kurmi ta kafu a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ruwan da mutanen da suke jin tsoronsa suna girmama shi, yau shi ke kwashe dattin birni. Yana fita ya haɗu da rafin Getsi wanda ke ɗauko ruwan masana'antun Bompai, su gangara tare zuwa madatsar Wasai a Minjibir. A bakin wannan baƙin ruwa akwai 'yan lambu da suke shuka latas da kabeji da alayyafo, su kai kasuwa, mu saya. A kudancin birni ga kogin Challawa, inda kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa suka daɗe suna sako ruwan da suka wanke fatu da shi, har masu bincike suka sha samun sinadarin kuromiyam a ciki. Ku tuna jima sana'ar Kanawa ce tun fil azal, da bagaruwa da toka ake yin ta a majema. Majemin da ubansa ya yi aiki da bagaruwa, shi kuma ya wayi gari yana lebura a kamfani da takalmin roba da sinadarin da ke cinye hannu, ai wannan shi kaɗai littafi ne. Haka marinin Ƙofar Mata da yake zaune a bakin karofi yana kallon atamfa mai araha daga Chana tana cike Kantin Kwari.

Kaduna ta fi ban tausayi. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, kudu da kogin Kaduna, da ƙoƙarin gwamnatin Sardauna. Wasu masaƙun suka biyo baya, ciki har da UNTL da Arewa. Dubban mutane daga kowane lungu na Arewa suka tare a can, unguwanni suka tashi, jiniyar canjin aiki ta zama agogon gari. Audugar da ake sarrafawa kuwa har da ta gonakin Funtuwa da Malumfashi. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. An yi shekaru tsofaffin ma'aikata da matan waɗanda suka rasu suna bin haƙƙinsu. Rabin ƙarni ke nan na rayuwar mutane, da aurensu da haihuwarsu da bashinsu da yajin aikinsu. A daidai waɗannan shekarun ne adabin kasuwar Kano ya fi bunƙasa, ana fitar da littattafai ba adadi. Ku auna da kanku yawan shafukan da muka ba masaƙa da yawan waɗanda muka ba kishiya.

Irin wannan ta taɓa faruwa da dalar gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya haɓaka, aka riƙa jera buhuna har su yi tsiri kamar dutse. Hotunan dala suna nan, har a jikin kuɗi an taɓa sa su. Amma ɗan dakon da ya hau da buhu a ka har ƙololuwa, da me yake karya kumallo, wace waƙa suke yi in sun gaji, yaya bayansa ya koma da ya tsufa? Mutanen da za su ba da wannan amsa sun kusa ƙarewa. Wannan ita ce asarar da nake nufi. Falo mai labule ba ya guduwa, ko bayan shekara 50 za a iya ƙirƙiro shi a zaune. Sana'ar da ta mutu ba a rubuta ta ba kuwa ta tafi ke nan da kalmominta.

Mu da muke nan Bauranya, tsakanin Kankiya da Kusada, wani zai ce ai ba mu da kogin birni, ba mu da masana'anta. Gaskiya ne koramunmu na yashi ne, su cika da damina su ƙafe da rani. Manyan ayyukan ƙarfe da siminti na jiharmu suna can gefe: kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina da aka buɗe a 1982, da madatsar Zobe ta wajen Dutsin-Ma da aka kammala a 1983, wadda ruwanta ya yi shekaru a kwance ba a ci moriyarsa yadda aka tsara ba. Amma sauyin ya iso har cikin koramar tamu, shiru-shiru. Garuruwa suna ta gini da bulon siminti, bulo kuwa sai da yashi. Tifa takan gangara cikin korama da rani, samari su kewaye ta da shebur, kowa yana watsa yashi sama da tsayinsa har ta cika. Akwai mai tifa, akwai direba, akwai mai filin da ake bi ta gonarsa, akwai shugaban 'yan lodi, kowa da rabonsa, kuma rabon nan ba ya rasa rigima. Inda aka kwashe yashi gaɓa takan zabge, gonar wani ta ragu da taku biyu a damina guda. Ramin da mata da yara suke tonawa a tsakiyar korama su ɗebi ruwa yakan ƙara zurfi. In ka cire kwando ka sa shebur, ka cire jirgi ka sa tifa, zanen Monet ne a bayan garinmu.

Ga kuma lambu. Kakanninmu da jigo suke ban ruwa: doguwar sanda a kan gwafa, guga a gaba, curin laka a baya, mutum ya wuni yana sunkuyawa yana ɗagowa. Injin ban ruwa mai shan fetur ya zo ya kore shi, har yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin jigo yana aiki ba. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, fetur ya gagari 'yan lambu da dama, wasu suka juya injinansu suka koma amfani da gas ɗin girki, masu hali suka sayi sola. Sauyi uku ke nan a rayuwar dattijo guda, kuma dattijon yana nan da ransa, yana zaune a ƙofar gida yana jiran wanda zai tambaye shi.

Abin da ya sa ban yarda cewa wannan baƙon abu ne daga Turai ba, makaɗanmu sun riga mu. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, yaron da kowa ke hantara a tasha. Mamman Shata, ɗan Musawa maƙwabciyarmu, ya yi wa direbobi da manoma da 'yan kasuwa waƙa kamar yadda ya yi wa sarakuna. A ƙagaggen labari ma akwai gurbi: Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya fito a 1982, ya shiga cikin harkar fasa ƙwauri ya nuna yadda kuɗin ke zagayawa da wanda ake sayewa da su. Hanyar tana nan, ciyawa ce ta rufe ta.

Kada kuma a ɗauka na mayar da Turawan nan waliyyai. Ku sake duba masu sauke kwal ɗin: babu mai fuska ko ɗaya. Baƙaƙen inuwoyi ne a jere, sun yi wa zanen kyau kamar yadda katakan suka yi masa kyau. Ba mu san sunan kowa ba, ba mu san ladansa ba, ba mu san ko yana tari da dare ba. Kuma Monet bai daɗe a wannan fage ba. A Argenteuil inda ya zauna daga 1871, garin da masana'antu suke ta ƙaruwa, sau da yawa ya fi son kwale-kwalen shaƙatawa na mutanen Paris. A 1883 ya koma ƙauyen Giverny, daga baya ya haƙa tafkinsa ya ƙare rayuwarsa yana zana furannin bado. Shi ma dai ya shige nasa falon. A nan ne muka fi mai buroshi gata. Mu muna iya ba ɗan lodi suna da uwa da budurwa da bashi. Muna iya sa shi ya yi magana da bakinsa, da irin Hausar da ake yi a cikin korama, wadda ba irin ta ofis ba ce.

Na san amsar da za ta fara zuwa a ƙasan wannan rubutu: masu karatu ba sa son labarin wahala, suna cikinta, hutu suke nema, kuma marubuciyar da ke sayar da littafinta a waya da kuɗin take sayen data da sabulu. Wannan magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Su ma masu zanen kallon farko sun ɗanɗana. Gwanjon da suka yi a Paris a 1875 ya zame musu abin kunya, aka sayi zanensu a wulaƙance, kuma sai da dillalinsu Paul Durand-Ruel ya kai kayansu New York a 1886 kasuwa ta fara buɗewa sosai. Ba zan ce wa kowa ya jira shekara goma da yunwa ba. Abin da nake cewa ya fi haka sauƙi. Ku ci gaba da rubuta soyayya, ai ita ce gishirin labari tun Jiki Magayi. Amma saurayin ya zama yana da sana'ar da muke ganin hannunsa a ciki. In attajiri ne, a nuna mana inda kuɗin ke fitowa da wanda ke ɗaukar kayan. Yaron da ke lodin yashi don ya haɗa kuɗin lefe, alhali yashin da yake kwashewa shi ke cinye gonar uban yarinyar, wa zai ce wannan ba labarin soyayya ba ne? Kuma wa zai ajiye shi bai kai ƙarshe ba?

'Yan uwa mata, ku ne kuka fi yawa a wannan fage, kuma na san wata za ta ce ita ba ta da damar zuwa korama ko majema. Berthe Morisot ma ba ko'ina al'adar zamaninta ta bar mace irinta ta shiga ba. A 1875 ta zana masu wanki suna shanya a wani fili a Gennevilliers, can nesa a bayansu ga hayaƙin masana'antu. Pissarro da ciwon ido ya hana shi tsayuwa a iska, sai ya kama ɗakin otal a Rouen a 1896, ya riƙa zana gadar Boieldieu da masu sauke kaya ta taga, da ruwan sama, da hazo, da faɗuwar rana. Gada ɗaya ce dai. Tsakar gida ma ma'aikata ce. Dutsen niƙa ya ba injin niƙa wuri, mai surfe da mai dakau suna rasa ciniki, mai ƙuli-ƙuli tana kai gyaɗarta inji maimakon turmi, mai taliyar murji tana gasa da ta leda. Wannan duk a gabanku ake yi, kuma namiji ba zai taɓa ganinsa yadda kuke gani ba.

Dabarar Pissarro ita nake ba mu shawara mu gwada. Ka zaɓi wuri ɗaya da ake aiki, ka je sau uku a lokuta daban: da sassafe, da tsakar rana, da la'asar sakaliya. Kada ka je da labari a kanka. Ka rubuta abin da ido ya gani kafin zuciya ta fara sharhi: launin yashin da aka tono daga ƙasa da na sama, inda gumi ya fara jiƙa riga, wanda ke ba da umarni ba tare da ya ɗaga murya ba, abin da ake ci, wanda ke biya. Ka yi sallama, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto ko murya, don mutane ne ba kayan kallo ba. Ka tambayi sunan kowane abu da bakinsu, kuma in sun faɗi kalmar da ba ka taɓa ji ba, ka rubuta ta yadda suka faɗe ta, kada ka gyara. Jimlar nan da muka saba da ita, wai "talauci ya yi musu katutu", a bar ta a gida. Ba ta nuna komai.

Wanda ya yi, ya turo mana shafi ɗaya a ƙarƙashin wannan zare, mu karanta mu yi wa juna gyara. Masu niyyar korama su hanzarta, don da ruwa ya sauka sosai tifofi za su daina shiga, sai kuma wata kaka.